Masu cewa na yi asarar riyal a kan masaukin Hajiya

Tun jiya nake shan magana a kan hoton da na ɗora na otal ɗin da na kai Hajiyarmu a Jidda. 'Yan'uwa na gida da na nan Makka bakinsu ɗaya: da kuɗin da ka kashe a Jidda ai da ka kama mata ɗaki a benen Agogo, ta buɗe labule ta ga Ka'aba. To bari in amsa sau ɗaya.

Hajiyarmu ta haura shekara 70. Kwana 9 ta yi a Makka, kuma ta ƙi yarda a tura ta a keke. Da ƙafarta ta yi ɗawafi, da ƙafarta ta yi sa'ayi, wanda zuwa da dawowa 7 tsakanin Safa da Marwa ya fi kilomita 3. Inda muka sauka kusa da Harami kuwa, bayan kowace salla sai an yi layi a bakin lif, a matsu, a jira. Ranar da ta yi ɗawafin bankwana na ga takalminta ya ƙi shiga, ƙafa ta kumbura. Ba ta ce komai ba, ta dai riƙe shi a hannu. Ni ne abin ya tsaya wa a rai.

Shi ya sa muka hau jirgin ƙasa na Haramain zuwa Jidda, na kai ta wani otal a unguwar Hamra. Mai tasi sai da ya wuce shi, don babu wani ƙaton allo, gini ne madaidaici a bayan itatuwa. Da shigarmu ba a bar ta a tsaye ba. Aka ba ta kujera, aka kawo gahawa da dabino, takardu kuma nan aka same mu da su. Ƙamshin turaren wuta kaɗan ne, ba mai hawa kai ba. A ɗaki ga sallaya a naɗe, ga alamar alƙibla, a banɗaki ga ƙarfen dafawa a daidai inda hannun tsohuwa zai kai. Sannan shiru. Wallahi shirun nan na biya wa kuɗi. Ta kwanta bayan Azahar, sai da na tashe ta don kada La'asar ta wuce.

Yaron da ya ɗauko mana kaya ya ji muna Hausa, sai ya rusuna ya ce, "Inna, sannu da hanya." Haifaffen Makka ne, kakanninsa da ƙafa suka zo ta Sudan, suka tsallako teku daga Sawakin. Shi da kansa ya koma ya kawo mata ruwan ɗumi a roba ta tsoma ƙafa. Ba wanda ya roƙe shi.

Damuwata da mu ita ce mun saba auna masauki da ƙyalli: fitilu masu lilo, ƙofa mai ruwan zinare, wurin da za a ɗauki hoto a tura gida a ce wane ya kai uwarsa. Amma tsohuwa ba hoto take kwana a ciki ba. Na yarda wurin da tsada, kwana 2 kawai ya ci mini abin da na daɗe ina tarawa. Na kuma yarda salla ɗaya a Harami ta fi dubu 100 a waninsa, shi ya sa ban ɗauke ta daga Makka ba sai da ta kammala ibadarta.

Da yamma muka taka a hankali zuwa bakin teku. Ta zauna tana kallon ruwan nan na Sarki Fahad da ke tashi sama fiye da mita 300, tana jan carbi. Can ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, yau dai na ji jikina ya dawo." Washegari takalmin ya shiga, da shi ta hau jirgin Kano.