Cikin mutum 212, wanne ne bai yi muku ba?

Ranar biyan albashi bayan la'asar na tura wa sabar (kwamfutar da ke karɓar saƙonni) wani kamfanin tura kuɗi jerin ma'aikatan makarantar da nake kula wa da manhaja. Mutum 212, kowa da sunansa, lambar asusunsa, lambar bankinsa da kuɗinsa, duk cikin JSON ɗaya, wato tsarin rubutun da manhajoji ke musayar bayanai da shi. Amsar da ta dawo ita ce 400, lambar ƙin karɓa, da "Invalid payload", wato abin da na tura bai yi ba. Iyakarta ke nan. Ba a ce layi kaza ba, ba a ce suna ne ko lamba ba. Haba jama'a! Ko mai gadi ya kore ka daga ƙofa, ai yakan ce maka takalminka ne ko katinka.

Akawun makarantar ya kira ni sau uku kafin magariba. "Injiniya, malamai fa suna tsaye a kaina." Na ce ranka ya daɗe, ana kai. Ana kan me? Raba jerin nake yi gida biyu ina turawa sabar gwaji: 106, 53, 27, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ga wuta an ɗauke, batirin kwamfuta na kuka. Sai a zagaye na takwas na cafko ɓarawon. Mutum na 147, Mu'azu, malamin lissafi. Laifinsa ɗan waƙafin sama da ke tsakiyar sunansa, domin wanda ya rubuta dokar tantance suna A zuwa Z kawai ya sani. Kamfani yana kasuwanci a Najeriya, amma Mu'azu da Sa'adatu da Rabi'u ba sunaye ba ne a wurinsa. Ɗanladi da ɗ mai lanƙwasa kuwa, kar ma a tayar da zancen.

Na cire waƙafin, na sake turawa. 400 kuma! Ashe sabar tasu da ta ci karo da kuskuren farko take tsayawa, sauran sai ka dawo. Wannan karon Excel ne ya cinye sifilin farkon wata lambar asusu, ta koma lamba 9 maimakon 10 na NUBAN, tsarin lambar asusun banki na Najeriya. To, nan laifina ne, kuma gara da suka ƙi karɓa. Amma me ya hana su faɗa min duka biyun tun da la'asar?

Abin da ya fi ƙona min rai, ba wani aiki ba ne mai wuya, domin kayan aikin masu rubuta manhaja irin su Laravel, Zod da Joi sun riga sun tanadi hanyar. A Laravel ka rubuta items.*.name, shi da kansa zai mayar da 422, lambar da ke nuna an karya dokar tantancewa, ya ce items.146.name ne ya karya doka, tunda daga sifili ake fara ƙirga. Zod yana ba ka hanyar kuskuren har da lambar gurbinsa a jeri. Joi yana tsayawa a kuskuren farko, amma abortEarly: false kaɗai za ka ƙara ya zayyano maka duka. Akwai ma kundin ƙa'idar intanet mai suna RFC 9457 na 2023 da ya tsara yadda saba za ta bayyana matsala. Wani ne kawai a kamfanin ya kama kuskuren, ya zubar da bayanin da ke ciki, ya manna kalma biyu ya tashi aiki.

Don haushi na tura musu jeri fayau, babu ko mutum ɗaya. Amsa: 200, "success", an karɓa. Wato babu kowa ya fi Mu'azu inganci.

Na rubuta wa sashen kula da abokan hulɗarsu, suka ce in "duba bayanaina". Albashi bai shiga ba sai bayan isha'i. Yanzu cikin manhajata akwai layi guda da aikinsa kawai ya yanke waƙafi daga sunayen mutane kafin a tura, kuma duk wata takardar biyan malamin lissafi tana fitowa da Muazu.