Mai neman ciki da falo fa, ina nasa?

Na karanta batun tsara irin gidajen da Kano za ta buƙata nan gaba. To, a tuna da rukunin gidajen gwamnati na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Gidaje ne na gani na faɗa, amma malamin firamare ko ɗan adaidaita sahu ina ya isa ya taya? Shi ciki da falo yake nema, da ɗan banɗaki nasa.

Ƙanina wata bakwai ya yi yana bin dillalai kafin aurensa. Ƙarshe a unguwar awon igiya ya samu, lungun ko mota ba ta shiga, da damina kuwa sai an naɗe wando.

Masu cewa a koma benaye, ban ƙi ba, amma matan gida a ina za su yi shanya?