Alkamar Ƙonni na jiran masu bincike su shigo garka

Duk wanda ya taɓa bi ta filayen noman rani na Birnin Ƙonni a watan Janairu ya san kyan alkama idan hunturu ya zauna da kyau, ganye shar, zangarniya tana kaɗawa da iskar safe. Manomin da ke tsaye a bakin kwalbatin ruwa kuwa hankalinsa yana kan ƙarshen Fabrairu, domin idan zafi ya riga lokacinsa sauka yayin da ƙwaya ke cika, sai ta motse ta yi shafal, buhun da aka yi tsammani ya koma rabi. Lokacin sanyin da alkama ke buƙata gajere ne a ƙasarmu tun asali, kuma sauyin yanayi yana ƙara gutsure shi.

Maganin da ake yawan ambata a tarukan Yamai shi ne a kawo ingantaccen iri mai jure zafi, kuma ba ni da ja a kan haka. Cibiyar ICARDA, mai binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa na duniya, ta daɗe tana wannan aiki a Sudan, irin da ta taimaka aka fitar ya kai Najeriya da kwarin kogin Senegal. Inda nake da ja shi ne matsayin da ake ba manomi a cikin aikin, domin galibi sai an gama zaɓe a tashar gwaji sannan a kira shi ranar baje koli, a ba shi hula da ƙullin iri, a ɗauki hoto.

A Habasha an gwada wata hanya dabam. Masu bincike na ƙasar tare da abokan aikinsu na Italiya sun shigar da manoma maza da mata cikin gonakin gwaji, suna duba layukan alkama ɗaya bayan ɗaya suna ba kowane maki da idonsu, sannan aka haɗa makin da bayanan ƙwayoyin halitta na kowane iri. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna cewa hukuncin manoman abu ne da ake iya aunawa, yana kuma taimakawa wajen hasashen irin da zai yi albarka a wurin. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu a jihar Tawa ba ma buƙatar a tsallaka da mu wata ƙasa kafin mu yarda da wannan. Albasar Galmi da ake alfahari da ita har Abijan da Akara, hannun manoma ne ya fara tace ta shekara da shekaru kafin wani ɗakin bincike ya sa mata suna. Haka ma masu garake a tsaunukan Ayar, wajen Timiya da Tabelot, sun riƙe nasu irin alkama tun kaka da kakanni. Wannan tsohon iri dukiya ce da bai kamata a bari ta salwanta ba. A Ingila, tarin tsofaffin irin alkama 827 da aka tattaro daga ƙasashe 32 kusan ƙarni guda da ya wuce, an gano a 2024 cewa yana ɗauke da halaye masu yawa waɗanda alkamar zamani ta rasa.

Sai dai ilimin manomi ma yana da iyaka, tunda an gina shi ne a kan yanayin da ya saba, yanayin kuwa shi ne ke sauyawa. Idonsa ba zai ga abin da ke ɓoye cikin ƙwaya ba, ba kuma zai iya haɗa auren ɗaruruwan iri a lokaci guda ba. Wannan aikin INRAN ne, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, wadda ke da masana tun 1975.

Abin da ya rage shi ne INRAN da ONAHA, hukumar da ke kula da filayen ban ruwa, su mayar da wani yanki na gwajin cikin garake na Ƙonni, manomi ya yi zaɓe tun layukan suna da yawa. A kira mata su ma, domin mai murza taliya da mai toya alkaki su ne za su faɗi ko garin yana da danƙo, kuma irin da suka ƙi ba zai yi kasuwa a Tawa ba ko da ya jure zafin Maris.