A duba mafarautan mesa ma

Labarin ya ce ba a fitar da maciji daga Ghana sai da takardar Hukumar Gandun Daji, kuma na goyi baya. Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa tana cikin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, ana lodinta daga filin jirgin Accra zuwa ƙasashen waje irin su Amurka. Amma ɓarnar tana farawa ne tun a daji, inda ake tono uwa da ƙwayayenta daga rami. Ita ce fa ke cinye ɓerayen gona. Mu a unguwar Nima ta Accra mun san gardawa da masu magani da ke ajiye macizai, yawancinsu ba su taɓa jin dokar ba. Don Allah hukuma ta shigo zango, ta yi musu bayani da Hausa kafin a fara kame.