Baltimore ta kama mutum dubu ɗari a shekara guda, ƙwaya ba ta bar lungu ba

A watan Disamba, lokacin da sanyin Amurka ke ratsa ƙashi, wani yayana ɗan kawuna da ya daɗe a jihar Maryland ya ɗauke ni zuwa wani ofishin 'yan kwana-kwana a birnin Baltimore. Na ɗauka motocin kashe gobara zai nuna mini. Muna shiga sai na tarar da wani faffaɗan dandamali, an gina gari sukutum a kansa. Ga gidaje kamar kwalin ashana, ko wanne da fitila a kunne, ga gada, ga coci, ga masana'anta, ga ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki suna zagayawa, tarago bai fi tsawon tafin hannu ba. Jirgi ya shige rami a cikin dutse, yara su ruga ɗaya gefen suna jiran fitowarsa. Tsohuwar al'ada ce a garin, ana danganta ta da Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa can, kuma ma'aikatan kashe gobara kan shafe makonni suna haɗa ta kafin Kirsimeti. Na tsaya na daɗe. Abin ya tuna mini motar kara da ta gwangwani da muke ƙerawa muna yara, sai dai nan manya ne masu furfura ke durƙuso suna gyara layin dogo da ɗan tsinke.

Da muka fito ya bi da ni ta yammacin birnin. Nan ma ga gidajen jan bulo a jere, manne da juna, da matakalar farin dutse a ƙofar kowane, irin ginin da aka san Baltimore da shi. Amma gida uku ko huɗu a jere an toshe tagoginsu da katako, wani ma rufin ya rufta har bishiya ta tsiro a ciki. A kan falwayar kwana akwai kyamarar 'yan sanda mai shuɗiyar fitila tana walƙiya, a ƙarƙashinta kuwa samari uku a tsaye cikin wannan sanyi, hannu a aljihu, ido na bin kowace mota. Na ce, "Yaya, su wa suke jira?" Ya ce, "Masu saye. Danna makullin ƙofarka."

Tun daga ranar nake bin labarin wannan gari, kuma na zaɓi in yi magana a kansa ne saboda muhawarar da ake yi a gida. A watan Mayun 2024 Majalisar Dattawan Najeriya ta amince da hukuncin kisa ga dillalan miyagun ƙwayoyi, mutane da yawa suka yi ta tafi. Duk lokacin da aka yi ƙwacen waya a Kano ko faɗan daba ya ci rai, abin da ake ji a majalisa da rediyo shi ne a kwashe su duka, a cika kurkuku. Na fahimci zafin da ke jawo wannan magana. Amma akwai garin da ya gwada wannan hanya har ƙarshenta, da kuɗi da kayan aikin da ba mu da su, kuma sakamakon yana rubuce.

Baltimore gari ne da jirgin ƙasa da ƙarfe suka gina. A nan aka kafa kamfanin jirgin ƙasa na Baltimore and Ohio a 1827, daga cikin na farko-farko a Amurka, kuma gidan tarihinsa na nan har yau a kudu maso yammacin birnin, tafiyar 'yan mintoci daga unguwannin da nake magana. A bakin ruwa kuma akwai masana'antar ƙarfe ta Sparrows Point, wadda a ƙarshen shekarun 1950 take ɗauke da ma'aikata kusan 30,000. Mutumin da bai gama sakandare ba yakan samu aiki a can, ya sayi gida, ya aurar da 'ya'ya. A 1950 mutanen birnin sun kusa 950,000. Daga nan aiki ya fara zubewa. Kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta birnin a 2005, Sparrows Point ta mutu gaba ɗaya a 2012, ƙidayar 2020 kuma ta samu mutum kimanin 585,000 kacal. Masu hali sun koma bayan gari, suka tafi da harajinsu. Baƙar fata, waɗanda tun 1910 birnin ya yi dokar da ta taƙaita musu unguwannin da za su zauna, su aka bari da kangaye. Yaron da ya taso a irin wannan layi, mai ɗaukar aiki ɗaya yake gani kullum a kusa da gida, shi ne dilan ƙwaya. Wanda ya san yadda Kakuri ta koma bayan rufe masaƙun Kaduna, ko Sharaɗa da Bompai bayan injuna sun yi shiru, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Martanin hukuma shi ne bulala. A watan Yunin 1986 wani matashin ɗan wasan kwando na Jami'ar Maryland, Len Bias, ya mutu bayan ya shaƙi hodar iblis, kwana biyu da ƙungiyar Boston Celtics ta zaɓe shi. Cikin 'yan watanni majalisar dokokin Amurka ta yi doka cikin fushi. Wanda aka kama da giram 5 na dunƙulen hodar da ake kira kirak, wanda talakawan cikin gari suka fi sha saboda arha, zai yi shekara biyar ba sassauci, daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar, wanda ya fi yawa a hannun masu kuɗi. Sinadarin ɗaya ne, amma hukuncin ninki ɗari ne, kuma mafi yawan waɗanda dokar ta ci baƙar fata ne. Magajin garin Baltimore, Kurt Schmoke, wanda shi kansa tsohon mai gabatar da ƙara ne, ya miƙe a 1988 ya ce a sake tunani, a ɗauki shaye-shaye a matsayin cuta tun kafin a ɗauke shi laifi. Ya sha suka daga ko'ina. A 1993 an kashe mutum 353 a birnin.

Zamanin magajin gari Martin O'Malley aka ƙara ƙaimi. A 2005 kaɗai 'yan sanda sun yi kame sama da 100,000, a garin da mutanensa ba su kai 650,000 ba. Ana kama mutum don ya tsaya a kwana, ana kama shi don ya zauna a matakalar gidan da ba nasa ba, da yawa kuma a sake su ba tare da an kai su kotu ba. An bar jaki ana dukan taiki. Yaron da aka kwashe da safe, kafin la'asar wani ya maye gurbinsa a kwanar, domin masu saye ba su ragu ba, masu neman na abinci ma ba su ragu ba. Shi kuma wanda ya fito da tambarin kurkuku a takardunsa, ƙofar aikin halal ta ƙara rufe masa. Abin da ya fi komai tsada shi ne amana. Unguwar da aka kama rabin samarinta ba za ta kira ɗan sanda ba, ba kuma za ta tsaya shaida ba ko da a gabanta aka yi kisa.

Ƙurjin ya fashe a watan Afrilun 2015, lokacin da Freddie Gray, ɗan shekara 25 daga unguwar Sandtown-Winchester, ya samu rauni a ƙashin bayansa a cikin motar 'yan sanda ya mutu. Gari ya rikice. Ranar 29 ga watan ƙungiyar besbol ta garin, Orioles, ta buga da Chicago White Sox a filin Camden Yards babu ɗan kallo ko ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin babbar gasar. A shekarar an kashe sama da mutum 340. Ma'aikatar shari'a ta tarayya ta bincika ta fitar da rahoto a 2016 cewa rundunar 'yan sandan birnin ta saba tsayar da mutane da kama su ba bisa ƙa'ida ba. A 2017 kuma aka gurfanar da jami'an wata runduna ta musamman mai farautar bindigogi, aka same su da yi wa mutane fashi, har da ƙwace ƙwaya ana mayar da ita kasuwa.

Tunda na ambaci besbol, bari in ɗan tsaya a nan, don akwai abin da ke ci mini rai. A wannan wasa mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu ya wurga ƙwallo, mai sanda kuma ya yi ƙoƙarin bugawa. A 1968 masu jifa suka fi ƙarfin masu bugu har wasan ya fara gundurar 'yan kallo, sai hukumar gasar ta rage tsayin tudun daga inci 15 zuwa 10 tun kafin kakar 1969. Da wasanni suka riƙa jan lokaci fiye da awa uku, aka fara gwada agogo a ƙananan gasa, aka auna, sannan a 2023 aka kawo shi babbar gasa: daƙiƙa 15 mai jifa ya saki ƙwallo in babu kowa a kan tasha, wato wurin da mai sanda ke rugawa ya tsaya bayan ya bugi ƙwallo. Tsawon wasa ya sauko zuwa kusan awa biyu da minti 40. Ke nan ƙasar ta iya duba doka, ta ga ba ta aiki, ta sauya ta cikin kaka guda. Amma dokar ninki ɗari ta 1986 sai da ta shekara 24 tana cin 'ya'yan mutane kafin a 2010 a rage ta zuwa ninki 18, ba a ma daidaita ba. 'Yan kallo na biyan kuɗin tikiti, shi ya sa aka ji kukansu da wuri. Uwar da ke Sandtown ba ta da abin da za ta janye a ji zafi.

Kuma filin na Camden Yards, da aka buɗe a 1992 a tsohuwar harabar jirgin ƙasa, yana kusa da gidan da aka haifi shahararren ɗan wasan besbol Babe Ruth a 1895. Gagararren yaro ne mai yawon titi, har iyayensa suka kai shi makarantar horon yara ta St. Mary yana da shekara bakwai. A can aka koya masa ɗinkin riga, wani malami ya kula da shi ya koya masa wasa, ya fito a 1914 a matsayin mai jifa. Nakan yi tunanin da a 2005 aka same shi a kwana, da wace takarda zai fito da ita.

Abin da ya sa ban ɗauki labarin Baltimore a matsayin na yanke ƙauna ba shi ne abin da ya biyo baya. Daga 2015 zuwa 2022 babu shekarar da kisa ya gaza 300. A farkon 2022 gwamnatin magajin gari Brandon Scott ta fara wani tsari a yankin yamma, wanda aka gina kan abin da masu bincike suka daɗe suna faɗa, cewa mutane ƙalilan ne ke yin mafi yawan harbe-harben, kuma ana iya sanin su da suna. Sai a je wa mutum har gida, da jami'i da wani dattijon unguwa ko limamin coci, a ce masa: mun san ka, mun san ko dai ka kashe ko a kashe ka. Ga aiki, ga horo, ga taimakon sauya matsuguni in kana so. In kuma ka ɗauki bindiga, kai da abokanka za a bi da dukkan ƙarfin doka. A gefe guda akwai shirin Safe Streets, wanda tun 2007 yake ɗaukar tubabbun 'yan lungu aiki su shiga tsakani kafin rigima ta kai ga jini. A 2023 kisa ya sauko ƙasa da 300, a 2024 ya tsaya a 201.

Masu ja da wannan magana suna da hujja, kuma ba zan ɓoye ta ba. Kisa ya ragu a mafi yawan biranen Amurka a waɗannan shekaru, sannan sabon mai gabatar da ƙara na birnin, Ivan Bates, da ya kama aiki a 2023, ya tsananta wa masu ɗaukar bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Na yarda duka biyun sun taimaka. Amma tsananin Bates a kan mai bindiga ya sauka, wanda shi ma zaɓe ne na mutum kaza da mutum kaza, ba shara ba ce ta duk wanda aka gani a kwana. Kuma ƙwayar kanta tana nan. Fentanil, wanda ya ninka hiroyin ƙarfi sau da yawa, ya sa Baltimore ta zama kan gaba a manyan biranen Amurka wajen mutuwar masu shaye-shaye, kuma dattawan baƙar fata da suka kamu tun shekarun 1970 su ne suka fi mutuwa. Waɗannan su ne samarin da aka yi ta kamawa ana saki shekara talatin, ba a taɓa kai su asibiti ba.

Mu ma mun taɓa gwada iyakar tsanani. A watan Afrilun 1985 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta harbe mutum uku a Legas kan safarar ƙwaya. Shekara huɗu bayan nan sai da aka kafa hukumar NDLEA, domin fataucin bai tsaya ba. Binciken da aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da su. A shekarar aka haramta maganin tari mai kodin, masu sha suka karkata ga tiramadol da sauran tarkace. Ba na neman sassauci ga mai shigo da kwantenar ƙwaya ta tashar jirgin ruwa, ko ɗan siyasar da ke raba wa yara ita ranar gangami. Waɗannan a bi su har gida, a ƙwace dukiyar. Abin da nake ƙi shi ne samamen da ake kai wa kango a loda yara talatin a mota, a jera su gaban kyamara, bayan mako guda iyaye su yi belinsu da kuɗin da suka ranto, su koma kangon da suka fito.

Mai unguwa da limami da shugaban 'yan sintiri a Ɗorayi ko Kurna sun san sunayen yaran da ke riƙe da wuƙa a layinsu, sun kuma san iyayensu. Abin da Baltimore ta kashe kuɗi da shekaru kafin ta tattara, mu muna da shi a zaure. Abin da ba mu da shi shi ne na miƙa wa yaron in ya ce ya tuba: gadon asibiti da zai kwanta har jikinsa ya saki ƙwayar, da garejin makanike ko shagon walda da gwamnati za ta biya maigidan ya riƙe shi shekara biyu. Wannan nake so in ga an ware wa kuɗi a kasafin jihohinmu, da adadin gadaje da adadin yara a rubuce, yadda a ƙarshen shekara za a iya tambayar kwamishina nawa suka shiga, nawa suka koma lungu.