Wat uku da rabi, da maganar da ta tsaya mini a rai

Wani dattijo maƙwabcina a nan Japan ya kira ni in ji amfilifayar da ya haɗa da hannunsa. Ɗakin ɗan ƙarami ne, lasifikoki biyu masu bakin ƙaho sun cinye rabinsa. Ga amfilifayar a kan katako, bawul, wato kwalbar gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti irin ta tsofaffin rediyo, ɗaya tal ke fitar da sautin kowane ɓangare, zaren cikinsa ya yi jajir. Sai da ya bari ta yi ɗumi, ya ɗora mita, ya ɗan murɗa, ya sake dubawa, sannan ya sa faifai. Na ce, Baba, wat nawa take bayarwa? Ya ce uku da rabi. Da ya ga na murmusa, sai ya ce ai ya sani, mutanen wajenmu ƙara kawai suke so.

Maganar ta sosa mini rai, amma sautin bai bar wurin musu ba. Bawul ɗinsa 2A3 ne, ƙirar RCA ta shekarun 1930. Ƙa'idarsa bolt 250 a faranti, wato ƙarfen cikin bawul da ke karɓar wuta, bolt 45 ƙasa da sifili a girid, wato ragar wayar da ke tsare kwararar wutar, miliamfiya 60. In ka lissafa bolt 250 sau miliamfiya 60, wat 15 yake ƙonawa don ya ba da ukun da rabin nan, iyakar ƙarfinsa ke nan, ko ana kiɗa ko an yi shiru. Mai son ƙari sai ya koma 300B na Western Electric, wanda ya fito a 1938, ya samu wat 8 ko kusa. Bayas kuwa, wato bolt ɗin nan na girid, shi ne linzamin: ka sassauta, wuta ta kwarara, faranti ya yi ja, bawul ya mutu da ƙuruciyarsa, ka ja da yawa, sauti ya shaƙe.

Haƙurin dattijon abin yabo ne, ban ƙi ba. To amma wa ya ba shi damar wannan haƙurin? Wutar gidansa bolt 100 ce, kullum tana nan inda take. Shi ya sa yake iya saita bayas da hannu, ya tsayar da bawul daf da iyakarsa, ya kwana da daɗi. A kai wannan saitin inda wuta ke hawa da sauka yadda ta ga dama, a gani ko bawul zai ga baɗi. Masu gyaranmu da ke gane ciwon rediyo da kunne kaɗai ba su gaza shi basira ba, wallahi. Wanda bai san ko wuta za ta kai ƙarshen waƙa ba, ina shi ina zaman jiran bawul ya yi ɗumi?

Ni dai in zan haɗa wadda zan kai gida, razista, wato 'yar na'urar da ke rage gudun wuta, zan sa a katod, ɓangaren zaren bawul ɗin, wadda ta ɗan fi om 750 ɗin da aka saba, bayas ya riƙa daidaita kansa. In rasa ɗan ƙarfi, bawul ya daɗe, kuma duk da haka sai na haɗa da sitabilaiza.