Wai in inji na aiki to kebul lafiyarsa lau

Jiya a majalisarmu ta Agege ana hirar yaranmu masu tafiya haƙar ma'adinai, wani dattijo ya ce ai in dai inji na aiki kuma bireka, wato makunnin nan mai yanke wuta da kansa, ba ta faɗi ba, to kebul lafiyarsa lau. Maganar nan tana damuna wallahi don kusan kowa haka ya ɗauka, kuma da dalili, a gida mun saba in waya ta lalace wuta ɗaukewa take.

A cikin rami ba haka abin yake ba. Bireka ta gama-gari sai wuta ta mata yawa take faɗuwa, misali ta haura amp 20 (amp shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bin waya), alhali kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya ya isa ya rikita bugun zuciya. Ɗauki kebul ɗin da dutse ya faɗo wa, robar waje ko ƙwarzane babu amma ta ciki ta tsage, danshi na shiga a hankali wuta na yoyo zuwa jikin famfon ruwa, famfo na ta aikinsa sai ranar da wani ya dafa shi ƙafarsa cikin ruwa. A ramin kwal kuwa tartsatsi ɗaya ya isa, gas ɗin da kwal ke fitarwa in ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska fashewa yake.

Shi ya sa ake saka na'urar da ke yanke wuta da zarar ta ji yoyo, kuma a kashe layi, a kulle makunni, a gwada robar da mega, wato na'urar da ke nuna ko robar waya na yoyon wuta. In an ga matsala sai a tura sigina cikin wayar, lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo shi ke nuna mita nawa ne zuwa inda ta lalace.